Wa Ke Cinye Cikin Kwamfutata?

Bukittinggi, 4 ga Maris

Zuwa ga maigidana Uda Darwis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Yaya teku, yaya gwiwar nan taka? Na san ba ka shafa man da na saka maka a jaka, saboda haka kada ka wahalar da kanka wajen yi mini ƙarya.

Mu nan lafiya lau. 'Ya'yanka biyu sun aiko daga makarantar kwana, babu abin da ke damunsu sai yunwar da ba ta ƙarewa. Cikin ƙanwata Fita ya shiga wata na bakwai, kuma likita ta sake dubawa ta ce mace ce. Uda, sai da na yi hawaye a gaban likitar. Ni maza Allah ya ba ni, su kuwa gidajen matansu za su tafi, kamar yadda ka baro na mahaifiyarka ka zo namu. Tun rasuwar mahaifiyarmu Amak nake duban gidan nan nata ina tunanin wadda za ta riƙe shi bayanmu. To ga ta nan tafe. Har na fara mata ɗan mayafi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani abu yana cinye cikin kwamfutata. Ka san abin da ke ciki: zanen surfanin Amak guda ɗari uku da 'yan kai, waɗanda na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya kafin takardun su ruɓe, da nawa da nake zanawa, da hotunan mayafan da nake nuna wa masu saye. Da ka tafi a watan Disamba akwai sararin giga casa'in. Shekaranjiya saura talatin da uku. Yau talatin da ɗaya. Ni kuwa jiya tun safe ina kasuwa, ko taɓa ta ban yi ba.

Mu uku ne a gidan nan: ni, da Fita, da mijinta Sutan Marajo. Fita ba ta iya komai a kwamfuta ba sai amsa saƙon masu saye. Shi Sutan malamin lissafi ne, yana dawowa daga makaranta ƙarfe ɗaya, kwamfutar kuma kullum tana kan teburin falo a kunne. Ban ce komai ba fa. Amma ranar Asabar na bi ta gaban sabon shagon da yayyensa mata suka buɗe a kasuwar sama, sai na hangi wani jan mayafi mai ganyen gora a gefensa, ganyen ya lanƙwasa hagu. A iya sanina Amak ce kaɗai take lanƙwasa shi hagu. Biri dai ya yi kama da mutum.

Da ƙanena ne, da tuni na kama kunnensa. Amma mijin ƙanwa baƙo ne a gidan nan, kamar kai, ba a tunkararsa da magana gatsau, sai dai a jefa ta gefe ya tsinta. Don haka na sa ido kawai.

Ka rage shan kofi. Ina kewarka, ko da yake gidan ya fi tsabta da ba ka nan.

Matarka,
Marni

Bukittinggi, 19 ga Maris

Uda,

Sallama da gaisuwa. Amsarka ta iso, na kuma gode wa Allah da jin kana lafiya. Fita tana gaishe ka, ƙafafunta sun kumbura amma tana cin abinci sosai.

Ka ce zato zunubi. Ka ce wataƙila cuta ce ta shiga kwamfutar. Yana da sauƙi mutum ya yi wa'azi daga tsakiyar ruwa. Saurari abin da ya faru, sannan ka sake mini wa'azin in za ka iya.

Na goge bidiyon bikin Fita gaba ɗaya, da hotunan tafiyarmu bakin tafki, kusan giga goma. Na zubar da kwandon shararta ma. Ka san nawa ya dawo? Ko ɗaya. Washegari ma ƙara raguwa ya yi. Na yi ta faɗa ni kaɗai a falo har Fita ta ji, na kuma san ta kai wa mijinta, don da yamma ta zo tana murza bakin zane, tana kira na Uni, wato Yaya, kamar kullum.

"Uni, wai Uda Sutan ya ce ina baƙin akwatin nan mai igiya, wanda ake jona wa kwamfuta?"

Me zai yi da akwatin ajiya, in ba kwashe kaya zai yi a ciki ba? Ni gaskiya ban ma san inda akwatin yake ba, rabona da ganinsa an yi watanni. Amma na dube ta na ce, "Yana wurina. Na adana shi inda ɓera ba ya kaiwa." Ta tafi ta gaya masa haka.

Ranar Laraba na ƙi fita kasuwa, na zauna na yi ta tone-tone a cikin kwamfutar, ina danna duk abin da ya dannu, har na faɗa wani lungu da ban taɓa gani ba. Jerin ajiya ne, kowace da kwanan wata da lokaci. Na buɗe ɗaya, sai ga zanen Amak duka. Na buɗe ta biyu, ga su kuma. Har bidiyon bikin da na goge da hannuna yana nan zaune. Wani yana kwafar kayana yana tarawa a ɓoye. Na duba lokutan: Asabar ƙarfe biyu, ƙarfe uku, ƙarfe huɗu. Ina kasuwa a lokacin, Fita tana barcinta na masu ciki. Wa ya rage a falo?

Sannan ka ji ƙarfin hali. Ranar muna cin abincin rana, Sutan ya gama haɗa lomarsa, bai ko dube ni ba, ya ce, "Uni, a ƙauyenmu in shinkafa ta taru a tsakar ɗaki har ta hana mutane wucewa, ba a zagin shinkafar. Rumbu ake buɗe mata."

Wato in buɗe masa rumbu! In miƙa masa akwatin da hannuna ya ƙarasa jidar. Na yi murmushi na ƙara masa miya, na ce, "Ci, Sutan, ai rumbun da ke rufe ya fi daɗewa."

Saura giga goma sha huɗu. Ba sararin ne ke cin raina ba. Amak ta yi shekara arba'in tana zana waɗannan ganyaye da furanni har idonta ya mutu, kuma gadon 'yar da ke cikin Fita ne. Ba zan zuba ido uban yarinyar ya kai wa danginsa ba.

Ka yi mini addu'a in iya riƙe bakina.

Taka,
Marni

Bukittinggi, 27 ga Maris

Uda Darwis,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ga shi nan.

Ban riƙe bakin ba. Ranar Lahadi na sake wucewa ta shagon yayyensa, jan mayafin nan ba ya nan, an sayar. Na dawo gida jinina yana tafasa. Muka zauna cin abinci mu uku a kan tabarma, kyanwarmu Belang tana kwance a bakin ƙofa. Na ɗauki tsintsiya na buga a ƙasa kusa da ita.

"Ke Belang! An ba ki wurin kwana, an ba ki shinkafa da romo, ba a taɓa ɗaga miki murya ba. Shi ne za ki riƙa jidar kifin gidan nan kina kai wa 'yan'uwanki na ƙetaren titi? Kin ɗauka masu gidan makafi ne? Mun san ranar, mun san lokacin!"

Sutan yana riƙe da loma. Ya mayar da ita cikin faranti a hankali, ya wanke hannunsa a kwano, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ƙoshi, Uni." Ya shiga ɗaki. Bayan la'asar ya fito da jakarsa da takardun ɗalibansa, ya ɗaure su a bayan babur, ya tafi gidan mahaifiyarsa. Yau kwana biyar ke nan.

Fita ta tsaya a kaina da cikinta. "Uni, me ya yi miki?"

"Da kyanwa nake."

"Kyanwar barci take yi, Uni! Ko kifi ba mu dafa ba yau!"

Na kai ta gaban kwamfuta na nuna mata jerin. Ta duba, ba ta gane komai ba, ta ce ita dai ta san mijinta, ko allurar wani ba ya ɗauka. Na ce mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as, in ba shi da laifi me ya kore shi? Tun daga nan ba ta ƙara ce mini uffan ba. Tana dafa nata daban, tana ci a ɗaki.

Na san abin da za ka ce. Kai ma ka taɓa yin yaji shekarar da Amak ta yi maganar masu barci har hantsi, sai da kawunmu Mak Uniang ya je biko da farantin ganyen siri, wanda ake taunawa in an sasanta. Dattawa sun ce miji toka ne a kan kututture, iska kaɗan ke ɗauke shi. Na sani. Amma ni ban yi nadama ba. Ya sha iska a can, in ya shirya ba da haƙuri a je a ɗauko shi.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai, zan faɗa maka don ba ni da wanda zan faɗa wa. Yau da safe na duba, saura giga shida. Jerin kuma ya ƙaru: Litinin, Talata, Laraba. Shi kuwa ba ya gidan. Na ce ko daga nesa yake yi, tunda masu lissafi ba a raba su da dabara. Ko kuwa Fita ce take yi masa? Uda, kai ka ji inda zuciyata ta kai ni, har ƙanwata. Na ɗauke kwamfutar daga falo na kulle ta a kabad ɗina.

Ka rubuto da wuri.

Marni

Bukittinggi, 2 ga Afrilu

Uda,

Ina fata kana lafiya, don ina so ka dawo da ƙafafunka in ga idonka.

Buɗe jakarka. Duba aljihun gefe. Akwai baƙin akwati mai igiya a ciki, ko babu?

Jiya kwamfutar ta cika fam, ta ƙi ajiye ko zane ɗaya, ga wata mai saye daga Medan tana jira. Na naɗe ta a mayafi na kai wa Pak Nasrul, dattijon nan mai gyara a ƙasan kasuwa. Na rage murya na ce masa wani ne yake kwafar kayana a ɓoye, ina so ya gano mini ko wane ne, in da hali har da hujja a takarda.

Ya saukar da tabarau, ya yi 'yan danne-danne, sai ya fara dariya har da tari.

"Uni, ɓarawon naki na kama shi. Ga shi nan a kan tebur."

"Ina?"

"Ita kanta kwamfutar. An sa ta ta riƙa yin ajiyar ko-ta-kwana duk bayan awa ɗaya, tana zubawa a akwatin waje. In ba ta ga akwatin ba, sai ta riƙa tarawa a cikinta tana jiran ya dawo. Abin da kika goge ma tana riƙe da shi, ko za ki yi da-na-sani. Ba mutum a nan, Uni. Ko kowa ya bar garin, in dai tana kunne za ta yi."

Na ce, "Wa ya sa ta?"

"Wanda ya sa ta dai mai ƙaunarki ne. Da ta faɗi ta fashe, da wannan ne zai cece ki. Ga ranar da aka kafa." Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Watan Yunin bara ne, makon da nake kwana a asibiti wurin Amak. "Ga kuma sunan akwatin da take nema yau kwana ɗari da 'yan kai. Wane ne Darwis Finafinai?"

Uda Darwis. Finafinai!

Na dawo gida na buga ƙofar Fita, na tambaye ta ta bayan ƙyaure. Ta ce ita ce ta roƙi Sutan a lokacin, don ta ga hankalina ba ya jikina, tana tsoron kada zanen Amak su salwanta. Ya yi, ya kuma gaya maka a shagon kofi, namiji da namiji, ya ce ka sanar da ni, kuma kada a raba akwatin da kwamfutar. Kai kuma ka ce to, ka manta, ka cika shi da finafinan faɗa, ka tafi da shi teku.

Shi ya sa Sutan ya aiko a tambayi akwatin. Ni kuma na ce yana wurina. Sai ya ɗauka jona shi ne kawai ban yi ba, kuma ba zai koya wa yayar matarsa aiki a gidan uwarta ba, shi ne ya jefo mini maganar rumbu in tsinta. Na tsinta, na juya ta baibai. Jan mayafin ma na je na tambaya a wayance. Ashe babbar yayarsu a wurin Amak ta koyi surfani tana budurwa, Amak ce ta lanƙwasa mata ganyen da hannunta.

Pak Nasrul ya share tsofaffin ajiyar, ya sa ta ta riƙa riƙe na mako ɗaya kacal, ya kuma haɗa ni da sabon akwati ya ce in riƙa jonawa duk Juma'a. Cikin minti ashirin aka gama. Giga tamanin da bakwai sun dawo.

Ina jin haushinka, amma ba zan ɗora maka kayan da ba naka ba. Kai mantuwa ka yi. Ni ce na ɗauki tsintsiya. Kunya ta hana ni cin abinci tun jiya. Gobe zan je wurin Mak Uniang in faɗa masa komai, mu shirya biko.

Matarka,
Marni

Bukittinggi, 16 ga Afrilu

Zuwa ga Uda Darwis,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka da ban-haƙurinka, na karɓa. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Yara lafiya, Fita ma lafiya, ta shiga wata na takwas.

Mun je bikon ranar Lahadin da ta wuce. Na dafa kaza da kwakwa tun asuba, na jera ganyen siri a farantin tagullar Amak. Mak Uniang ya sa baƙar hularsa. A hanya ya gargaɗe ni: "Ke dai ki zauna ki sunkuyar da kai. Bakinki ya gama nasa aikin."

Mahaifiyar Sutan ta karɓe mu da mutunci, wanda ya fi zagi ciwo. Aka zauna. Mak Uniang ya fara zagaye-zagayensa, ruwa ya gurɓace a sama, mun zo mu tace shi a ƙasa, zare ya harɗe, mun zo mu warware. Kawun Sutan ya mayar masa da nasa. Aka yi kusan awa guda ba wanda ya ambaci abin da ya faru. Sutan yana gefe yana kallon tabarma. Ya rame, Uda.

Sai na ji ba zan iya ba. Wannan jefa magana ta gefe ita ta kai mu nan. Na ɗaga kai na ce, "Sutan, ba da kyanwa nake ba, da kai nake. Na zarge ka da satar zanen Amak, alhali kai ne ka tsare su. Na yi maka ƙarya a kan akwatin. Na zalunce ka a gaban matarka. Ka yafe mini, ka dawo gida."

Mak Uniang ya rufe ido kamar na zuba masa ruwan zafi. Sutan ya ɗago kai, a karon farko tun da ya auri Fita ya dube ni ido cikin ido.

"Na yafe, Uni, har ga Allah. Kuma tunda kin faɗa mini a miƙe, ni ma zan faɗa miki a miƙe. Shekara uku ina gidanku, ban taɓa buɗe tukunya ba sai an ce in buɗe. Duk da haka da abu ya ɓace, ni aka fara dubawa. In na koma, kullum zan riƙa lura da inda na ajiye hannuna. Ba na so 'yata ta tashi ta ga ubanta yana sanɗa a gidan da take."

Ashe tun bara wata makaranta a Pekanbaru take nemansa yana ƙi saboda Fita. A makon da ya bar gidanmu ya amsa musu. Sun ba shi ɗan gida mai ɗaki biyu. Ya ci ganyen sirin, ya karɓi bikon, auren yana nan daram. Amma ya ce matarsa ta zaɓa.

Ban yi wa Fita magiya ba, ba ni da bakin yi. Na dai ce mata ko ta bari ta haihu a ɗakin da aka haife mu. Ta ce, "Uni, likitoci suna can ma." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Jiya da safe motar ta zo. Na taya ta naɗe kaya, na saka mata ɗan mayafin jaririyar, ta karɓa ta yi godiya. Kwana biyu kafin nan na koma wurin Pak Nasrul ya kwafe mini zanen Amak duka a wani ƙaramin akwati, ɗari uku da 'yan kai ɗin nan, har da nawa. Da ta zauna a mota na miƙa mata ta taga, na ce na yarinyar ne, gadonta ne, ta tafi da shi.

Ta dubi akwatin, ta dubi mijinta da ke ɗaure katifa a saman mota, sannan ta tura mini hannuna a hankali.

"Bar shi a wurinki, Uni. Kada wani abu ya ɓace a ce mu ne."

Na tsaya a bakin titi da shi a hannu har motar ta sha kwana.

Ka nemi hutu ka dawo, Uda. Ina gaishe ka.

Matarka,
Marni